Ƙofa ta Huɗu a Hanyar Darrasa

Unguwar Faisal, Alƙahira
Ranar Litinin

Zuwa ga maigidana Malam Badamasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna, da yara, da mutanen Gumel baki ɗaya. Yaya ƙafar taka? Ka yi haƙuri da rubutuna, har yanzu layin karkacewa yake yi. Na zaɓi takarda ne don ɗakinmu ɗaya, duk abin da na faɗa a waya autarmu Fauziyya tana ji. Maƙwabciyarmu Widad, 'yar Sudan, ita za ta ɗauki hoton wasiƙar ta turo maka. Tana jin Hausa amma ba ta karanta boko.

Likita ya ce ciwon Fauziyya na hanji ne, irin wanda yake lafawa ya sake tashi. Idan cikin ya murɗa, ba ta iya riƙewa fiye da minti uku. Ga abin da ban faɗa maka ba. Kafin in iso, ya kama ta a hanyar makaranta. Mai kanti ya ce banɗakinsu na ma'aikata ne. Mai gahawa ya ce nasa ba na mata ba ne. Masallaci a kulle sai azahar. Abin ya faru a bakin titi, a cikin abayarta, mutane suna kallo. Tun daga ranar ba ta sauko daga bene ba. Yau kwana arba'in da ɗaya.

Jarrabawa saura sati uku. Idan ba ta zauna ba za a janye tallafin karatun, shekara huɗun nan ta tashi a banza. Ta ce a janye. Ba ta kuka, ni ma ban yi ba. Ina dafa mata farar shinkafa, ta ci, in wanke kwano.

Ta nuna min a waya cewa wasu jihohin Amurka sun yi doka, mai irin ciwonta in ya nuna takardar likita dole shago ya buɗe masa banɗaki. Mu ma muna da takardar likita. Ban samu wanda ya tsaya ya karanta ba.

A sa autarmu a addu'a.

Taka,
Mardiya

Ranar Alhamis

Malam,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan Inna ta samu sauƙin tarin.

Kwana tara na yi ina bin hanyar makarantarta ni kaɗai, daga Faisal zuwa Darrasa. In hau mikrobas, ƙaramar bas ɗinsu ta haya, in sauka, in taka. Kowace ƙofa na gani sai in miƙa takardar likita in ce hammam, kalmar banɗaki ke nan a nan. Mafi yawa ma'alish suke cewa, wato in yi haƙuri, su juya kai. Waɗanda suka yarda na rubuta su da lamba a bayan kwalin magani. Na ɗaya wani kantin magani. Na biyu gidan mai. Na uku wata tsohuwa mai ɗinki da ta ce in daina gode mata, ina ɓata mata awo. Na biyar da na shida suna can hayin kogi.

Tsakanin na uku da na biyar akwai gada, kuma a nan motoci suke cushewa. Kwana uku ban samu komai ba a wurin. Rana ta huɗu na ga wata ƙofar gilashi a gefen wani babban otal, da rubutun boko a samanta. Na tsaya na haɗa baƙaƙen yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci: ca, si, no. Na ɗauka sunan mai gidan ne. Wata ma'aikaciya, Duaa, ta nemi fasfo. Ta duba, ta karɓi takardar likita, ta karanta har ƙarshe. Ita kaɗai ta yi haka a garin nan. Ta nuna min wata ƙofa a dama, kusa da teburinta, ta ce kowane lokaci, ya Hajja, amma mu riƙa zuwa da fasfo.

Jiya Fauziyya ta sauko. Na ba ta kwalin ta riƙe. Muna gab da gada cikin ya murɗa, muka shiga ƙofa ta huɗu, ta gilashin nan, ta fito da tsabtarta. Mun kai Darrasa mun dawo. Na yi zaton zan ji farin ciki. Ƙafafuna kawai na ji suna ciwo.

Taka,
Mardiya

Ranar Lahadi

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Na ji duk abin da ka faɗa a waya. Ban amsa ba don Fauziyya tana zaune kusa da ni.

Nata'ala ɗan garinmu da ya kai maka labari bai yi ƙarya ba. Daga motar da yake ciki ya gan mu muna fitowa daga ƙofa ta huɗu, kuma gidan caca ne. Wallahi ban sani ba lokacin. Widad ce ta fassara min, tana dariya har da riƙe ciki, wai Hajiya ta zo Masar ta fara da babban aji. Ashe ca ɗin da na karanta na caca ne. Ta ce 'yan ƙasa ba sa shiga, sai mai fasfon waje, shi ya sa aka karɓe mu. Ta ce akwai doka a kan wurin, gwamnati tana da kasonta na haraji a abin da aka ci. An zauna an rubuta wannan, Malam. Hanjin 'yata ne ban ji an rubuta masa komai ba.

Fauziyya ta san ko ina ne tun ranar farko. Ta ɓoye min. Ita da ta haddace abin da ni da kai ba mu haddace ba.

Ka ce in goge wurin daga kwalin ko mu tattaro mu dawo, don ba ka iya haɗa ido da mutane a masallaci. Na ɗauki biro na zauna da kwalin a cinyata har aka kira la'asar. Na sake bin bakin gadar nan kwana biyu. Babu wata ƙofa.

Yau aka fara jarrabawa. Mota ta tsaya a cunkoso, sai na ji ta damƙe hannuna. Na ce wa direba ya sauke mu. Ni na tura ƙofar da kaina, wannan karon na san abin da aka rubuta a sama. Ban kalli hagu, ɓangaren caca, ba. Na tsaya da jakarta a hannu ina kallon tayil. Ta fito, ta gyara hijabi, muka haye gada. Ta zauna awa uku ta rubuta Fiƙihu.

Ban san hukuncina a wurin Allah ba, ka fi ni sani, ka tambayar min. Abin da za ka faɗa wa mutane kuwa, ka ce ni ce, ka ce ban iya karatu ba. Na wancan karon gaskiya ne.

Saura takarda biyar. Gobe ƙarfe bakwai za mu fita. Fasfon yana cikin jaka tare da kwalin, kuma lamba ta huɗu tana nan yadda na rubuta ta.

Ka gaida yara. Ka riƙa shafa maganin ƙafar.

Matarka,
Mardiya