Dilan da Malam ya harba a ciki

Daga admin: wata baiwar Allah ta turo wannan da murya, mun rubuta yadda ta faɗa. Ta ce a sakaya sunanta.

Salamu alaikum. Ku matso ku kasa kunne ɗiyana, ga ta nan gare ku, amma ba tatsuniya ba ce. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni tsohuwa ce, wani ƙauye nike tsakanin Zurmi da Shinkafi, mu biyu munka rage cikin gida, ni da Malam maigidana. Ɗiya sun watse, jikoki sai ta waya. Malam maharbi ne tun kahin a kawo ni gidanshi, in dila ya dami tumakin mutane shi ake kira. Ban taɓa riƙa bindiga ba, amma zama da shi ya sa na san aikin. In harbi ya shiga bayan ƙafar gaba, wurin huhu, jini na hita da kumfa, dila ba ya wuce bakin gona. In ya samu cinya, sai ya ja ƙafa har ƙorama. In ko ciki anka sama, wanga dila ya yi ta tahiya ke nan, sai inda rai ya ƙare.

Da can in na ji ƙarar bindiga da sahe, kahin koko ya huce Malam ya dawo. Sannu sannu ya koma sai hantsi, bara kuma sai azahar. Da haka na gane idonshi na tahiya, don bai taɓa faɗa da bakinshi ba. Farar yana ce ta ruhe mai ido, shi ko cewa yake dilolin zamani sun yi taurin rai.

Bayan girbi dila ya ɗauke mani ɗan rago. Malam ya yi mai kwanto ya harbe shi, harbin ya samu ciki. Ya bi jini. Ni kuma na zauna ƙofar gida, azahar ta wuce, la'asar ta wuce, babu wanda zan aika. Sai ga Buba, Bafillacen maƙwabcinmu, ya riƙo ma Malam hannu. Ya ce can ƙetaren ƙorama ya iske shi, dajin da ba mai shiga yanzu saboda 'yan bindiga, durƙushe yana lalaben ƙasa da hannu yana shinshinawa, don ba ya ganin jinin.

Na yi ma Malam faɗa, na ce ragon nawa ne kuma na yafe. Ya ce ba don ragona ya bi ba, ubanshi ya hore shi duk dabbar da ka sa ma ciwo kai ke ƙarasa ta, in ka bar ta tana jan hanji cikin daji Allah zai tambaye ka. Na ce to ka aje bindigar. Ya ce ke tsohuwa, in na aje ta mi ya rage, in zauna ina taya ki tsince wake? Kuma ya ce in na faɗa ma babban ɗanmu, wanda ke jan mota Kaura, to in sani na binne shi da rai. Yaron nan na san halinshi, ranar da ya ji, ranar zai ɗauke bindigar ya sa shi mota sai asibiti, ko yana so ko ba ya so. Malam kuma in ya yi hushi ba ya zagi, shiru yake yi, kuma shi kaɗai nike da shi na magana.

Ga inda kowa ya ƙare. Dilan, ungulu sunka nuna gawarshi. Buba ya kora shanunshi ya yi Nijar, ba mai riƙo hannun kowa yanzu. Wani dilan ya fara zagayen garke, Malam ya hiddo bindiga yana shafa mata mai. Babban ɗan namu na zuwa ran Juma'a.

In faɗa mai in zauna gida ɗaya da mutumin da ba ya ce mani uffan, ko in kame bakina in koma ƙofar gida ina jira? Ku da kunka yi karatu, ya zan yi?