Karan da Baba ya tumɓuke

Daren Laraba, tsakiyar damina

Barci ya ƙi zuwa. Tun da anka fara raɗe-raɗin za a saki ruwan madatsar Goronyo, na kafa kara a bakin gulbi ina duba hawan ruwa. Yau ruwan ya shanye tsagar da na yi jiya ga karan.

Na roƙi Baba mu kwashe iyali mu koma tudu, gidan kawu. Sai ya bi ni har gulbi, ya tumɓuke karan ya jefa ruwa.

"Mi kaka awo? Ikon Allah? Wanda kwanansa ya ƙare, ko bisa dutse ruwa na iske shi."

Na so in ce Wanda ya yi ruwa shi ya ba mu hankali, amma wa ke ja da mahaifi? Ba ni iya tafiya in bar shi, ba ni iya ɗaukarsa. Ko imanina ne ya yi rauni?

Bayan isha'i na kai mishi fura. Littattafansa, da ke bisa buzu tun ina yaro, ya ɗaure su cikin buhu ya rataye can ga azara. Munka haɗa ido.

Ya ce, "Gara ta dame su."

Na ce, "Haka ne, Baba."