Dabbobi Ne, Ku Tambayi Bawa

Laraba, 8 ga Sha'aban, shekarar Nasara 1953

Shekara talatin da wani abu ban jefa guga a rijiyar garinmu ba. Rijiyar da kakana ya haƙa. Mala liman ne ya hana, wai na yi wanka da 'yan ruwa a ƙasar waje, shi ya sa ruwa ya ja baya shekarar da na dawo daga soja. Shekarar ai ko'ina fari aka yi, har Kwaya. Mala ya mutu, maganarsa tana nan. Da matata Hamsatu na da rai ita ke ɗebo mana. Tun da na binne ta sai jira. Yau Inna matar ƙanena ta manta da ni har la'asar. Ban aika ba.

Juma'a, 10 ga wata

Bari in sa labarin a takarda da ɗan ajamin da na tsinta a bariki, tunda baki ya gaji.

Arewa da Dakar ne, wani gari na rairayi a bakin teku, ba itace ko ɗaya. Ran Lahadi lajidan namu, Bafaranshen da ke shugabantarmu, ya so yawon kallo, ya ɗauki kwale-kwale, ni da Bawa na Mallawa muna tuƙi. Muka zagaya gindin wani dutse mai kogo. Ga wasu halittu nan kwance, wasu na iyo. Girman maraƙi, ba kunne, gashin baki irin na kyanwa, hannu gajere kamar faifai. Zafi ya ishe ni. Ni kuwa a tafkin Waca na koyi iyo tun ina bin shanu. Na tuɓe na faɗa. Lajidan na ihu da Faransanci, ban kula ba.

Suka zo. Ɗaya ta sa hanci a cikina ta ture ni, ta juya ta dawo. Numfashinta warin kifi. Aljani yana warin kifi?

Shi ke nan abin da ya faru. Da na dawo gida na ba da labari a dandali, don a yi dariya. Ba a yi ba.

Asabar, 11 ga wata

Rabin tulu. Na yi taimama.

Litinin, 13 ga wata

Masu dawowa daga kasuwar Mallawa sun ce Bawa na kwance, ba ya cin komai. Shi kaɗai ya rage wanda ya san wurin. Lokacin da Mala ya aika a tambaye shi, cewa ya yi jiri ke ɗibarsa, kansa na ƙasan kwale-kwale yana amai, bai ga komai ba. Tun ranar ban gaishe shi ba. Kalma ɗaya ce, dabbobi. Gobe zan ɗaure wa jaki akumari. In zai mutu ya faɗe ta gaban mutane tukuna.

Alhamis, 16 ga wata, Mallawa

Ya ƙare, sai ido. Na sa 'ya'yansa suka zauna, na kira wani malami maƙwabcinsu don shaida.

Bawa ya ce, "Maina mai taurin kai, ba ka mutu ba?"

Na ce ina jiranka ka wuce gaba, kofur. Faɗa musu abin da ka gani.

Ya ce wallahi ƙasan kwale-kwale ya gani, da takalmin lajidan. Gaban malami ya rantse. Na ce Bawa, ka ji tsoron Allah, kana bakin kabari. Ya ce shi ya sa ba zai ƙara ko kalma ba.

Can ya ce, "Amma na ji ka. Dariya kake yi kamar yaro. Duk zamanmu a soja ban taɓa jin ka yi irinta ba. Har na ce a raina, wannan ko dai ya haukace ko ya ga gida."

Malamin ya ce dariya ba shaida ba ce. Na sani.

Ashe da gaske bai gani ba.

Asabar, 18 ga wata

An binne shi da hantsi. Na kama makara ta gefen ƙafa. Ba nauyi. Ban ji komai ba, sai ƙishi.

Talata, 21 ga wata

Na dawo, tulu a bushe, Inna ta tafi suna. Na zauna. Sai na ga na ɗauko gugan Hamsatu daga rataye, igiyar duk ta yi tauri. Rana tsaka na je, mata cike da bakin rijiya. Na shirya abin da zan faɗa in an tare ni, tun daga hanya nake maimaita shi.

Na jefa. Na jawo. Rabi ya zube.

Ba wadda ta ɗaga kai. Wata ma matsawa ta yi ta ba ni wuri. Jikar Mala ce, da goyo a bayanta, ta ce, "Baba, kawo in ja maka, igiyar nan za ta yanke ka." Na ce kin san ko ni wane ne? Ta ce mijin marigayiya Hamsatu mana. Na ce an hana ni rijiyar nan. Ta ce, "Wa ya hana?"

Ruwan na nan a tulu. Na sha, ruwa ne.

Laraba, 22 ga wata

Na koma da safe. Don alwala kawai.

Ban yafe ba, kada wani ya ɗauka na yafe. Amma wa zan riƙe? Mala na ƙasa, Bawa na ƙasa. Hamsatu ta yi ta jan igiya da ciwon baya har ranar da ta kwanta, ni ina zaune a zaure ina jiran a zo a ba ni haƙuri. Yaushe aka daina hana ni? Bara? Tun tana da ƙarfinta? Akwai wanda ya sani a garin nan, kuma ya ga matata na wucewa da tulu bai ce komai ba. Ran Juma'a bayan salla zan tsaya a ƙofar masallaci. Ba mai wucewa sai an gaya mini shekarar. Wani ya amsa mini.