Tarin Baba Malami a Ramin Gabas

Malama Nafisa, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Ni ne shugaban masu haƙa a wani wurin tonon dutsen taki tsakanin Bodinga da Shagari. Tun muna samari, ba mu ɗaga diga sai Baba Malami, tsohon da ya koya muna aikin, ya sauka da safe ya zauna shiru cikin rami, tafin hannunsa bisa bango. In ya yi wani busasshen tari ya fito, ranar ba mai shiga. Bai taɓa faɗa muna abin da yake ji ba, mu ma ba mu tambaya ba, sakarcinmu ke nan. Da daminar nan ya rasu, munka ci gaba da zaman ba tare da sanin abin da ake saurare ba.

Sabon manajanmu, Injiniya Idris, mutumin kirki ne wallahi. Ya zo da tsarin rage ɓata lokaci: kowane kaya da mazauninsa, hanyar baro ta gajarta, har bayanmu ya huta. Amma zaman shirun nan anka soke shi, wai jira ne kawai. Ya ce kowa na da ikon tsai da aiki, in dai zai faɗi dalili.

To Malama, satin nan, da rana tsaka, ina jin tarin Baba Malami a ramin gabas. Daga cikin bango yake fitowa. In na waiwaya, kowa na sara abinsa, ba wanda ya ji. Ƙanena Kamilu ne a ƙuryar ramin, ga matarsa da tsohon ciki. Tsoro nake ji. In ce ma Injiniya mi? Mamaci ya yi tari?

Mai Diga, Lambara

Malam Mai Diga, Allah ya jiƙan Baba Malami. Mamaci ba ya tari, amma ƙasa takan yi ƙara kafin ta rufta, musamman bayan damina. Daɗewarka kusa da shi ta koya wa kunnenka abin da bakinka bai iya faɗa ba, shi ya sa kake jin sa da muryar tsohon.

Injiniya bai yi laifi ba, don ba wanda ya gaya masa amfanin zaman. Kuma shi ya ba ka ikon tsayar da aiki. Bango yana ƙara, wannan cikakken dalili ne. Ka fitar da kowa, ku zauna shiru tare da Injiniya a bakin ramin, a duba bangon, a tokare shi. Sannan ka roƙi a mayar da zaman safe cikin tsarin, wannan karon kuma a riƙa tambayar mai zaman abin da ya ji.

In an yi maka dariya, ka shanye. Kamilu dai kada ya sauka gobe. Allah ya sauki matarsa lafiya, ya sa da bakinsa zai yi wa jaririn huɗuba.