Ba tonkar nan ta ba, Inna

Assalamu alaikum Inna, tare da gaisuwa da ban girma. Ɗiyarki Ige ta, daga Taloka. Ni ka hwaɗi, Hajo ɗiyata ka rubutawa, kin san ban yi boko ba.

Inna, shekara sittin ina ɗauke da wata magana, yau zan aje ta.

Kin tuna ranad da nid daka tonka, barkonon nan, bakin murhu, ina sheƙewa ga hwaihwai, iska ya kwashe ta ya watsa maki ga ido? Kinka zauna kina murza, hawaye na zuba, kinka ce, "Ba komi Ige, yaji na, ba wuta ba." Damina ba ta zagayo ba idonki ya yi hwari. Kinka rasu ba ki ƙara ganin huskata ba. Ba ki taɓa ce mani ke ta ba, amma ni kullum ina ce ma kaina.

Kin tuna kircin nan naki, na wuya da lanƙwasar hannu, wanda kike susa da ɓawon masara hal jini shi hito? Ni ma na gade shi. Hwatar idona ta yi kauri, tana ƙaiƙayi, in murza in ƙara tozali. Bara sai yanar ido ta ruhe mani gani. Wake nike tsinta da lalube. Nic ce alhakinki na ya kama ni, niƙ ƙi zuwa asibiti, sai da Hajo ta yi ta kuka.

Can Sakkwato, likita bai hwara da ido ba. Hannuna ya kama, ya duba wuyana, ya tambaya ko akwai mai irin shi gidanmu. Nib ba shi labarinki dut, had da tonka, ina kuka gaban mutane. Ya ce irin wanga kirci shina bin jini, kuma shina taɓa ido, shi jawo yana tun mutum bai tsuhwa ba, murza kuma na ƙara ɓarna. Ya ce tonka na yin zahi, amma ba ta sa yana.

Inna, ashe hwata da ido hanyarsu guda! Ikon Allah. Mi munka sani?

Sunka yi mani aiki. Da anka kware auduga, abin da nih hwara gani hannuna na. Baƙin tabon nan, tsagewan nan ta yatsa, naki na sak. Nit tsaya ina kallo hal Hajo ta taɓa ni.

Jiya na daka tonka, karo na hwarko tun rannan. Na juya ma iska baya.

Allah shi jiƙanki, shi haskaka kabarinki, shi buɗe maki idanu ga Aljanna ki gan ni da hurhurata. Amin.

Taki,
Ige