Cafka Arba'in da Ɗaya

Litinin, 7 ga Janairu

Dell Rankin ya saki bakinsa a rediyo yau, kuma sai ya yi da-na-sani.

Muna cin wake da burodin masara ni da Baba, rediyo na kan firij, shirin Dell muke ji kamar kowace Litinin. Maganar tuta ake yi. Ƙwallon kwando ta cika shekara ɗari a Kwalejin Pine Fork, kwamiti zai zaɓi dogaye ukun gindin kwando da suka fi kowa a tarihinmu, a rataye sunayensu a rufin zauren wasa ranar 9 ga Fabrairu. Kowa ya san tsakanin biyu ne: 'yan 74, su Babana Doyle Sizemore, ko 'yan 98, su Dell.

Wani ya bugo waya ya tambaye shi. Ya yi dariyar nan da yake sayar da tsofaffin motoci da ita. "'Yan 74? Manoma ne cikin gajeren wando. Doyle Sizemore ya tara cafka ne don a zamaninsu ba wanda ya iya jefawa. Ƙwallo ta bugi ƙarfe ta dawo, ta bugi ƙarfe ta dawo, kai dai ka buɗe hannu. Ni 412 na yi a kakar wasa ɗaya. Shi 398. Ku tambayi littafi."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na gyara masa robar iskar da ke hancinsa. Shekara talatin a ramin kwal, yau mai sayar da mota ke kiransa manomi.

Ku tambayi littafi. Ni ce littafin.

Laraba, 9 ga Janairu

Ban taɓa rubuta wannan ko'ina ba.

A 98 shekarata goma sha tara, kakar wasata ta farko a teburin ƙidaya. Wasannin gida goma sha bakwai duk ni na riƙe fensir. Kafin kowane wasa Dell yakan zo ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu ya ce, "Ki kula da ni, 'yar fensir." Ni kuwa sai na kula. Duk ƙwallon da ta ƙi shiga aka yi cunkoso a kanta, in dai rigarsa mai lamba 44 na kusa, 44 nake rubutawa. Ba wanda ya sa ni. Kunnuwana ne suke zafi in ya yi magana, shi ke nan. Ko sunana bai sani ba sai bayan Kirsimeti.

Da hannuna na goge tarihin ubana. Ranar da Dell ya wuce 398 aka tsayar da wasa, aka kira Baba tsakiyar fili ya miƙa masa ƙwallo.

Nawa na ƙara? Ban sani ba. Wata rana sai in ce goma ne. Wata rana in ce ni nake ƙara wa abin gishiri don in azabtar da kaina. Idan sun kai goma sha biyar, Dell ya faɗo ƙasan Baba.

Asabar, 12 ga Janairu

Madam Fugate, shugabar kwamiti, ta ba ni makullin ɗakin ajiya. Ta ce, "Glenna, lambobi kawai muke so daga gare ki, kar ki kashe kanki." Na ce mata ina son in tabbatar. Kaset goma sha bakwai na wasannin gida na 98, duk suna nan cikin kwali, suna warin tsohuwar safa. Na ari na'urar kallo ta coci.

Tsari: kaset ɗaya kowace safiya kafin in buɗe kanti. Kowace cafka in kalla sau biyu. Tsohon littafi a hagu, sabuwar takarda a dama.

Ranar bikin daga teburi ana ganin kujerun baƙi sosai. Ina son in ga fuskar Dell lokacin da za a karanta.

Lahadi, 13 ga Janairu

Kaset na farko: na ƙara masa uku. Uku a wasa ɗaya! Na yi murna, sannan na tuna wa ya yi.

Alhamis, 17 ga Janairu

Dell ya shigo kantin yau neman ƙusa. Ya yi ƙiba, wuya ya haɗe da kafaɗa. Ya ƙwanƙwasa kanta sau biyu, har yanzu.

"'Yar fensir! Yaya tsohon? Ki gaya masa wasa nake yi, kar ya shanye iskar tulun nan gaba ɗaya."

Na ce, "Ƙusa inci nawa?"

"Kai, fushi ake? Ki zo in ba ki mota mai kyau, wannan akwalar taki tun daga gada ake jin ta."

Na auna masa, na ƙulle, na ce ya gai da gida. Kaset biyar, goma sha uku. Saura biyu ka faɗo, Dell.

Asabar, 19 ga Janairu

Sha tara. Ya faɗo. Na soya wa Baba naman alade da ƙwai, ya ce me ake biki. Na ce ba komai.

Talata, 22 ga Janairu

Wawiya. Wawiya ce ni.

Kwana goma ina cire wa 44, ban tsaya na tambayi kaina ina nake mayar da su ba. Yau na dubi takardar dama da kyau. Duk cafkar da na cire masa, lambar riga 31 na rubuta a gefenta. Orrin Tackett. Dogon nan da ba ya magana, abokin gindin kwandonsa. Shi ke tare mutum biyu da bayansa, ya tashi ya kama, ya miƙa wa Dell, Dell ya ruga da ita jama'a na ihu.

Kuma kwamiti ba mutum ɗaya yake aunawa ba. Uku-uku ne. 'Yan 98 a haɗe 960, su Baba 928. Na cire daga aljihun dama na sa a na hagu, wandon ɗaya ne. Ko na ƙirga har in makance, 960 tana nan.

Tuta ta tafi. Amma tarihin mutum ɗaya fa? Wannan zan ƙwato. Sunan Dell na kan allon ƙofar zaure, sai an kankare shi.

Lahadi, 27 ga Janairu

Orrin a coci, layin baya kamar kullum don kar ya tare wa mutane. Ya riƙe mini ƙofa. Na kasa ɗaga kai.

Laraba, 30 ga Janairu

Na gama. Na sake haɗawa sau uku, sau ɗaya daga ƙasa zuwa sama.

Arba'in da ɗaya na ƙara.

Dell: 412, a cire 41, 371.
Orrin: 360, a ƙara 41, 401.
Baba: 398.

Na zauna ina kallon takardar har kofi ya yi sanyi. Na makara buɗe kanti, karon farko cikin shekara tara.

Alhamis, 31 ga Janairu

Akwai guda huɗu da za a iya gardama a kansu. Kamara na nesa, hannaye sun cakuɗe. Idan na ce ba na kowa ba ne, Orrin ya koma 397. Baba ya hau sama da ɗaya. Dell ya sha ƙasa. Ba wanda zai zauna ya kalli kaset goma sha bakwai bayana, ba wanda ma yake da na'urar.

Baba ba zai ga wani bikin ba. Likita bai faɗa ba, amma ya daina maganar bazara.

Juma'a, 1 ga Fabrairu

Na kalli huɗun nan sau goma sha biyu. Na Orrin ne. Na san na Orrin ne tun kallo na biyu.

Amma na fere fensir, da niyyar cire masa su.

Asabar, 2 ga Fabrairu

Na je garejin motocin makaranta, inda Orrin ke aikin direba. Na ce wa kaina zuwa zan yi in ga ko ya damu da abin. Idan bai damu ba, ai ba wanda na cuta.

Yana wanke gilashi, ba ya ko buƙatar tsani. Na faɗa masa a tsaye, ban ambaci jimilla ba. Na ce na ba Dell wasu da suke nasa ne.

Ya matse soso. "To me zan yi da su yanzu, Glenna, in soya?"

Na ce ban sani ba.

"Ai mun ci wasannin." Ya ci gaba da wanki. Har na juya sai ya ce, "Mama takan ce ba a ƙirga mini daidai. Kowane wasa sai ta faɗa a mota. Na ce mata tabaraunta ne, ta je ta canza." Ya yi 'yar dariya. "Har ta canza ɗin."

Shekara shida da rasuwarta. Na je jana'izar, na kai kaskon dankali.

Lahadi, 3 ga Fabrairu

Bayan coci na mayar da kaset na ƙarshe, wurin da aka tsayar da wasa. Kullum tsallake shi nake yi. Ga Baba da baƙin gashi, ya miƙa wa Dell ƙwallo, an ɗauki hoto. Kamara ta bi Dell. Amma a gefen hoton, Baba bai koma kujerarsa ba. Ya taka har benci, ya tsaya gaban Orrin, ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya daɗe.

Na tura kujerar Baba gaban talabijin na nuna masa. Na ce, "Baba, me ka ce masa?"

"Na ce ya yi aiki."

Sai na faɗa masa duka. Ƙwanƙwasa tebur, kunnuwa, 44, komai. Ban kalle shi ba, tulun iska na kalla.

Ya ce, "Ni ɗari huɗu cif na ƙirga wa yaron Tackett. Na waje daga jarida, na gida da idona. Ke nawa kika samu?"

"Da ɗaya."

"To ɗayar ta wuce ni lokacin da na je sayen gyaɗa."

Na ce shekara ashirin da ɗaya, me ya hana shi magana?

"Wa ke kan teburi? Da na buɗe baki ke za a kora, ba shi ba. Ga uwarki ta ɗinka miki sabon siket saboda aikin." Ya yi tari. "Kuma ke kika ƙi ki tambaye ni."

Na gaya masa maganar huɗun. Na ce zan iya mayar masa da tarihinsa, ba wanda zai sani.

Ya dube ni kamar na kawo masa wake da tsakuwa. "Yarinya, kin yi wa wancan don kina sonsa, ga inda ya kai ki. Ni kar ki so ni haka."

Talata, 5 ga Fabrairu

Na kai wa Madam Fugate takarda, 401 da 371, da sa hannuna, da bayanin wanda ya yi. Ta karanta sau biyu, ta cire tabarau. "Haba, Glenna." Ta ce za a gyara allo, za a sanar ranar biki, amma ba zan sake zama teburi ba. Na ce na sani. Na miƙa makulli.

Aƙalla zan ga fuskar Dell. Na duba: daga layi na uku, ɓangaren mawaƙa, ana ganin kujerun baƙi.

Asabar, 9 ga Fabrairu

Wasan rana, zaure ya cika. Ni da Baba a layi na uku, tulu tsakanin ƙafafuna. Wata ɗaliba a kujerata, tana riƙe fensir kamar cokali.

A hutun rabin lokaci aka saki tuta: Rankin, Tackett, Yeary, 1998. An yi tafi. Sannan Madam Fugate ta karanta gyaran. Ta faɗi sunana, ba ta ɓoye ba. Wani a baya ya ce, "Kai!"

Orrin na tsaye da hularsa ta direba a hannu, cikin kwat ɗin da hannunta bai kai masa wuyan hannu ba. Da aka ce 401 bai gane ba, ya waiga yana neman wanda ake nufi. Sai Baba ya dafa kafaɗata ya miƙe. Watanni ba ya miƙewa sai an ɗaga shi. Ya fara tafi shi kaɗai, robar na lilo. Sannan kowa.

Orrin ya sa hular ya rufe fuska da ita.

Sai a mota Baba ya ce, "To, yaya fuskar mutumin naki?"

Ban gani ba. Wata guda ina shiri, na zaɓi kujera, ban kalla ba.

Litinin, 11 ga Fabrairu

Mutum biyu sun ƙi gaishe ni a kanti. Ɗaya ta zo musamman don ta ƙi.

Ban yafe wa Dell ba, in rubuta a nan don kar in manta. Manoma cikin gajeren wando.

Orrin ya biyo da yamma da kwanon wake, wai ya dafa da yawa. Shi da Baba suka zauna suna gardamar wa zai tare wa da a ce sun haɗu a fili. Baba ya ce da gwiwar hannu ɗaya zai aika shi har jihar Ohio. Orrin ya ce, "Haka ne, Malam Doyle," yana ta ci. Na ɗauko musu takarda na fara jera shekarun, don gardamar ta yi tsari.

Sai da na zo wanke kwanuka na ga rediyo a kan firij. Shirin Dell ya wuce da awa biyu. Da ma an ce zai yi magana a kaina.

Gobe in tambayi wani me ya ce. In na tuna.