Tsakuwa a Cikin Wake

Malam,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko da kana raye ma cewa za ka yi in karanta maka, tabaraunka ya ɓata. Amma shekara biyu ke nan ba ni da wanda zan dama da surutu.

Gida lafiya. Ƙaninka Sani ne ke rini a raminka na Ƙofar Mata. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne autarmu Hadiza. Ta yi yaji, ta zo ta kwana tara a nan. An sallami mijinta daga aiki, ya daina magana a gida, ita kuma ta ɗauka ƙinta yake yi. Ta tambaye ni yadda muka yi shekara arba'in ba a taɓa jin kanmu ba.

Ka tuna ranakun da baban rini ke ƙin kamawa, kayan mutane su fito a koɗe? Ka shigo fuska a murtuke, ko sannu ba ka amsawa. Ni kuwa sai in shimfiɗa tabarma, in juye wake a faifai, in ce idona ba ya gani sosai. Ka zauna kana gunaguni, kana tsincewa da shuɗɗan hannayen nan naka. Kafin mu kai rabi ka fara faɗa min abin da ke cin ranka, kafin mu gama har ka yi dariya.

To, ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Idona ƙalau yake. Tsakuwar ma ni nake ɗebo ta a bayan ɗaki in zuba, don aikin ya daɗe ka samu ka amayar da damuwarka. Har ka koma ga Allah kana ɗora wa mai waken unguwarmu laifi, bawan Allah bai ci nanin ba, nanin ta ci shi. Ko dai ka gane tuntuni ka ƙyale ni?

Na faɗa wa Hadiza duk wannan. Ta yi dariya, daga baya ta fashe da kuka. Jiya da hantsi ta koma ɗakinta da ƙafarta, ba ta ma jira biko ba.

Ina kewarka ƙwarai, Malam. Yanzu wakena tas yake, nan da nan nake gamawa.

Allah ya kai haske kabarinka, ya haɗa mu a Aljanna.

Matarka,
Binta